Al-Maghili: Malamin da ya yi wa Sarkin Kano Rumfa misali da gaggafa

A saman tambarin Najeriya akwai jar gaggafa, wadda tun a makarantar firamare ake gaya mana cewa alamar ƙarfi ce. Masar da Jamus da Amurka da Poland duk sun ɗora irin wannan tsuntsuwa a tambarinsu, kowace da nata launi. Masu mulki suna son gaggafa domin tana sama, kowa na ƙasa. Amma fiye da shekaru 500 da suka wuce, wani malami baƙo ya zauna a Kano ya rubuta wa sarkinta nasiha, inda ya kawo gaggafa domin ya tayar da sarki daga shimfiɗarsa, ya fitar da shi daga bayan labule zuwa inda talakawansa suke. Wannan malami shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Al-Maghili. Rayuwarsa na ɗauke da ilimi mai zurfi da tsayuwa gaban sarakuna, tana kuma ɗauke da wani tabo na jini wanda tarihi bai goge ba.

Daga Tilimsan zuwa Tuwat

An haifi Al-Maghili a wajajen shekarar 1440 a Tilimsan, birnin da ke yammacin Aljeriya ta yau. Sunansa ya samo asali ne daga Maghila, wata ƙabila ta Barbar. Tilimsan ta lokacin babban birnin daular Banu Zayyan ce, cibiyar fiƙihun Malikiyya, kuma ɗaya daga cikin kasuwannin da zinaren ƙasashen baƙar fata ke sauka kafin ya tsallaka teku. Ya yi karatu a hannun Abdurrahman As-Sa'alibi, babban malamin tafsiri na birnin Aljas, da kuma Yahaya ɗan Yadir, wanda ya riƙe alƙalanci a Tuwat.

Zamanin da ya taso cikinsa zamanin fargaba ne ga Musulmin Arewacin Afirka. Turawan Fotugal sun ƙwace Sabta tun 1415, suka ƙara da Tanja da Asila a 1471. Daular Musulmi a Andalus tana ta tsukewa, har Garnaɗa ta faɗi a farkon 1492. A Fas kuwa, a 1465, jama'a sun yi bore suka kashe Sarki Abdulhaƙƙi na Banu Marin tare da wazirinsa Bayahude, aka kuma auka wa Yahudawan birnin. Malamai da yawa na wannan zamani sun ɗora laifin raunin Musulmi a kan sarakunan da suka yi sakaci da shari'a. Al-Maghili na cikin masu wannan ra'ayi, kuma ya fi yawancinsu zafi.

Ya bar Tilimsan ya koma Tamantit, babban garin Tuwat, jerin dausayi na dabino a tsakiyar Sahara. Duk ayarin da ya taso daga arewa zai nufi Tumbutu ko Gao ko Ahir, da wuya ya wuce bai yada zango a can ba. A garin akwai tsohuwar al'umma ta Yahudawa, 'yan kasuwa da maƙeran zinare, masu dukiya da kusanci da manyan gari, kuma suna da wurin ibadarsu.

Rikicin Tamantit

Al-Maghili ya yi fatawar cewa Yahudawan Tuwat sun warware amanar da ke tsakaninsu da Musulmi, saboda a ganinsa ba su kiyaye sharuɗɗanta ba, kuma wurin ibadarsu bai halatta ya ci gaba da tsayuwa ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, ya ƙi amincewa. Ɓangarorin biyu suka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis suna neman hukunci. Amsoshin suka rabu: Ibn Zakri, muftin Tilimsan, ya goyi bayan alƙali, yayin da At-Tanasi ya goyi bayan Al-Maghili, As-Sanusi kuma ya ƙarfafa shi. Al-Wansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi a cikin babban kundinsa, Al-Mi'iyar, shi ya sa har yau ana iya karanta hujjojin kowane ɓangare.

Da amsar At-Tanasi ta iso, Al-Maghili ya tara mabiyansa suka rushe wurin ibadar. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rubuta tarihinsa kimanin ƙarni guda bayan haka, ya ruwaito cewa ya sanya ladan miskali bakwai na zinare ga duk wanda ya kashe Bayahude. An zubar da jini, waɗanda suka tsira suka watse, al'ummar da ta shafe ɗaruruwan shekaru a Tamantit ta tarwatse. Wannan ya faru ne a wajajen 1490, dab da lokacin da Sifaniya ta kori nata Yahudawan.

Masu yabon Al-Maghili kan tsallake wannan babi da sauri. Bai kamata a tsallake shi ba, musamman da yake malamai na mazhabarsa, a zamaninsa, sun gaya masa cewa ya yi kuskure. Daga baya ya je Fas ya yi muhawara da malaman fadar Banu Waɗɗas, bai samu karɓuwa ba. Ƙofofin arewa suka rufe masa, sai ya fuskanci kudu.

Kanon da ya tarar

Ya bi ta Ahir da Takidda, inda ya koyar. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa akwai Al-Aƙib Al-Anusammani da Aida Ahmad At-Tazakti, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina. Daga nan ya shigo ƙasar Hausa, ya zauna a Kano da Katsina.

Sarkin Kano a lokacin shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ƙasar na cikin bunƙasa, hanyoyin fatauci sun buɗe ta kowace fuska. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun a zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa, baƙi masu sarauta da malamai ke ta shigowa. A lokacin ne Agalfati, ɗan Sarkin Machina, ya zo ya zama Sarkin Gaya, garin da ke tsare da hanyar gabas mai zuwa Barno, wanda kuma riwaya ke cewa daga cikinsa maƙeran farko suka tashi suka zauna a gindin Dala. Ke nan sarautar Kano ta riga ta zama ta ƙasa mai faɗi, mai manyan garuruwa da sarakunansu, wadda ba a iya riƙe ta da idon mutum ɗaya.

Rumfa ya amsa wannan girma da sabon tsari. Ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya ba bayi da babanni manyan muƙamai. Shi ne ya fara kulle, ya kawo kakaki da dawakin zage da figini da takalman gashin jimina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa sarauta kwarjini, kuma kowane ɗaya ya ƙara tazara tsakanin sarki da mai kawo kuka. A cikin wannan fada mai sababbin zaure-zaure da masu tsaron ƙofa Al-Maghili ya sauka.

Tarihin Kano ya ambace shi cikin Sharifai, ya ce ya zo da littattafai masu yawa, ya umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar tsafi ya gina hasumiya a gurbinta. Ya kuma ce da zai tafi ya bar Sidi Fari a matsayin wakilinsa. Unguwar Sharifai da sarautar Sidi Fari suna nan a birni har gobe. A Katsina ma riwaya na danganta zuwansa da masallacin Gobarau da bunƙasar karatu a kewayensa.

Abin da ya fi komai ɗorewa shi ne rubuce-rubuce biyu. Ɗaya gajeriyar wasiƙa ce ta shekarar 897 bayan Hijira, wato 1491 zuwa 1492, a kan yadda sarki zai hana ɓarna ba tare da ya wuce iyaka ba. Ɗayan kuma shi ne littafin Tajuddin, a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, wanda masana suka tafi a kan cewa Rumfa aka rubuta wa.

Gaggafa da zakara

Littafin ƙarami ne, babi takwas kacal: kyautata niyya, kyautata kamanni, tsara mulki, yin hattara a gida da tafiya, binciken al'amura, adalci a hukunci, tara dukiya ta halal, da kashe ta inda ya dace. A inda yake magana a kan hattara da shirin yaƙi ne ya kawo tsuntsaye. Ya nuna wa sarki cewa daɗewa a cikin birni na jawo masa matsaloli iri-iri, ya tuna masa cewa tsuntsu mai farauta a sarari yake rayuwa, kuma gaggafa da azama take samun mulkinta. A gefenta ya ajiye zakara, mai taƙama da cara a tsakiyar kaji.

Misalin ba ya buƙatar fassara ga duk wanda ya tashi a karkarar Gaya ko Ajingi. Zakara sarki ne a tsakar gida, muryarsa ta cika unguwa, amma iyakar mulkinsa danga. Gaggafa kuwa, mai jar fuska da jajayen ƙafafu da gajeriyar jela, tana shafe mafi yawan yini a sama tana shawagi, da ƙyar take kaɗa fiffike, tana duban ƙasa fage bayan fage. Ba ta da rumbu, ba ta da mai kawo mata. Ranar da ta zauna a sheƙa, ranar ta kwana da yunwa. Shi ya sa Bahaushe ke yi wa mikiya kirari da hangen nesa. Larabawa ma sun daɗe da wannan fahimta: Al-Jahiz a ƙarni na 9 da Ad-Damiri, wanda ya rasu a 1405, sun yi dogon bayani a kan kaifin ganinta da saurin tashinta a littattafansu na dabbobi, kuma malaman sira sun ruwaito cewa tutar Manzon Allah (SAW) sunanta Uƙabu, wato gaggafa.

Abin da Al-Maghili ya ɗauka daga tsuntsuwar shi ne motsinta da idonta. Sauran littafin fassarar wannan ne a aikace. Ya bukaci sarki ya riƙa zama kullum a inda mai rauni zai iya isa gare shi, har mata da yara, kada ya wadatu da alƙalai da hakimai, domin sau da yawa su ne ake son kai ƙara. Ya bukaci a ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin a naɗa shi, a ci gaba da sa masa ido, abin da ya tara ta hanyar muƙami a karɓe. Ya hana sarki karɓar kyauta daga masu neman hukunci ko muƙami, ya hana harajin zalunci da ƙwace dukiyar talaka da sunan tara. Ya lissafa ma'aikatan da mulki ba ya tsayuwa sai da su: wazirai masu tsoron Allah, alƙalai, magatakarda, ma'aji, masu duba awo a kasuwa, likitoci, da masu kawo labari na gaskiya. A ƙarshen babi bayan babi yana maimaita gargaɗi guda, cewa ɓuyan mai mulki ga jama'arsa shi ne tushen kowace masifa.

Sai a tuna wanda ake gaya wa wannan magana: sarkin da ya faɗaɗa ganuwa, ya yi ado da gashin jimina, tsuntsuwar da ta fi kowace girma amma ba ta tashi. Al-Maghili bai hana shi kwarjini ba, domin babi guda ya ware a kan yadda sarki zai yi shiga da zama da magana cikin kamala. Abin da ya ƙi shi ne kwarjinin ya zama shinge.

Yadda wasu suka karanta tsuntsuwar

A daidai wannan zamani, a can tsakiyar Turai, wani malamin coci mai suna Jan Dlugosz yana rubuta tarihin ƙasarsa Poland. An haife shi a 1415, ya rasu a Krakow a 1480, lokacin Rumfa na da shekaru 17 a kan gado. Shi ma ya yi hidima a fada, domin shi ya koyar da 'ya'yan Sarki Kazimierz na Huɗu. A tarihinsa ya kawo labarin Lech, kakan mutanen Poland a tatsuniya, wanda ya tarar da sheƙar gaggafa ya kafa garin Gniezno a wurin, ya ɗauki farar gaggafa ta zama alamarsa. Tun naɗin Sarki Przemysl na Biyu a 1295 wannan farar gaggafa mai kambi ta zama tambarin masarautar.

Marubutan Turai na da sun gaji wasu labarai daga tsofaffin littattafan dabbobi na Girkawa da Rumawa: wai gaggafa na iya kallon rana ido cikin ido, tana gwada 'ya'yanta da haka ta jefar da wanda ya runtse, kuma idan ta tsufa takan sabunta ƙuruciyarta. Daga nan mawaƙa da masu wa'azi suka mayar da ita alamar tsarkin jini da gadon sarauta da tashin al'umma bayan faɗuwa. Mutanen Poland sun riƙe ta da wannan ma'ana a tsawon shekaru 123 da aka shafe ƙasarsu daga taswira, daga 1795 zuwa 1918. Gwamnatin kwaminisanci ta cire mata kambi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar mata da shi bayan faɗuwar gwamnatin a 1989.

A can, gaggafa na amsa tambayar asali: su wane ne mu, daga wace sheƙa muka fito. A littafin da aka rubuta a Kano kuwa tana amsa tambayar aiki: ina mai mulki ya kwana, me ya gani da idonsa, wa ya iya isa gare shi.

Gao, da komawa Tuwat

Daga ƙasar Hausa Al-Maghili ya wuce Gao, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya ƙwace mulkin Songai a 1493 daga hannun ɗan Sunni Ali. Askiya ya gabatar masa da tambayoyi bakwai, ya amsa su a rubuce. A cikin amsoshin ya yanke hukuncin cewa Sunni Ali ya fita daga Musulunci saboda gauraya addini da tsafi, ya halatta yaƙar azzaluman sarakuna ko da suna kiran kansu Musulmi, ya ja kunnen Askiya game da malaman da ke sayar da fatawa don abin duniya, ya kuma yi bayanin mai jaddada addini da ke zuwa a kan kowane ƙarni. Ta wata fuskar kuma mutum ne mai kare hankali: ya yi musayar baitoci da Jalaluddin As-Suyuɗi na Masar yana kare ilimin mandiƙi, wanda Suyuɗi ke ganin haramun ne.

Yana Gao labari ya iso masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat, a ci gaban rikicin da ya baro. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gao, aka kama su. Alƙali Mahmudu ɗan Umar na Tumbutu ya tashi ya ce waɗannan mutane ba su da hannu a kisan, aka sake su. Malamin da ya koya wa Rumfa cewa ba a hukunci sai da bincike, ga shi wani alƙali ya tsayar da shi a kan wannan ƙa'ida. Ya koma Tuwat, ya rasu a can a wajajen 1504. Kabarinsa na yankin Zawiyatu Kunta, a lardin Adrar na Aljeriya, ana ziyartarsa har yau.

Abin da ya bari

Shekaru 300 bayan rasuwarsa, rubuce-rubucensa suka zama makami a hannun masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dogara da amsoshinsa ga Askiya a littafin Sirajul Ikhwan wajen kafa hujja a kan sarakunan Hausa, ya kuma kawo wasiƙarsa ga Rumfa a Tanbihul Ikhwan. Abdullahi na Gwandu ya shigar da nasihohin Tajuddin cikin Liya'us Sulɗan. Nasihar da aka rubuta don gyara gidan Rumfa, ita aka ɗauko aka auna magadansa da ita, aka ce sun gaza. A zamanin Turawa, a 1932, an buga fassarar littafin da Ingilishi a Bairut, ta hannun T. H. Baldwin. Mabiya Ƙadiriyya kuma na lissafa shi cikin waɗanda suka kawo ɗariƙar yammacin Afirka.

Mutanen Gaya da Ajingi sun ga yadda darajar kujerar sarauta ke hawa da sauka da alƙalamin 'yan siyasa. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka rushe dokar, a watan Yulin shekarar aka maido da ita a daraja ta biyu. Shekaru aka shafe ana muhawara a kan sanda da iyaka da wanda ke sama da wane. Tambayoyin da ke cikin Tajuddin ba su dogara da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma yau sun fi hawa kan gwamna da ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda baitulmali ke hannunsu. Matar da aka cinye wa gona za ta iya isa gabansa ba tare da ta san wani ba? An ƙirga abin da ya mallaka kafin ya hau, an kuma sake ƙirgawa da ya sauka? Yaushe rabon da ya taka ƙauyen da ya ba shi ƙuri'a, ba ranar kamfe ba? Kundin tsarin mulkin Najeriya ya wajabta wa masu riƙe da muƙamai bayyana kadarorinsu, amma takardun na kulle a ofis, inda mai zaɓe ba ya ganinsu.

Rayuwar Al-Maghili na kuma ɗauke da gargaɗi ga matashin da ke jin zafin zalunci. Idon da ya hango ɓarnar fada shi ne ya kasa ganin haƙƙin maƙwabcinsa a Tamantit da na fataken Tuwat a Gao. A duka wuraren biyu an samu alƙali da ya ce masa a'a, kuma sunayen Al-Asnuni da Mahmudu ɗan Umar sun cancanci a riƙa ambatonsu tare da nasa.

Ita kuwa gaggafar kanta, ta yi ƙaranci a sararin samaniyar ƙasar Hausa. Ƙwai ɗaya take sakawa, a kan doguwar itaciya, kuma sare itatuwa da guba da farautar sassan jikinta sun rage yawanta ƙwarai. A 2020 ƙungiyar IUCN ta sanya irin mai jar fuskar nan cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Yaro a Gaya yau ya fi saurin ganinta a jikin takardar naira da rigar 'yan ƙwallo fiye da a sama.